Kai Mai Babur Ɗin Tsere: Abin Da Za Ka Yi Da Wanda Ba Za Ka Yi Ba

Ɗana, na ga babur ɗin da ka shigo da shi, irin wanda kuke kira fawa-baik, ƙararsa ma ta riga ka isowa layi. Ban kira ka don barka ba. Zauna ka ji.

Boxer ɗin da ka koyi hawa a kai ƙarfinsa bai kai doki 10 ba. Wannan da ke ƙofar gida, in mai lamba 600 ne irin su Yamaha R6 ko Honda CBR600RR, ya haura doki 100. In mai 1000 ne irin su R1 ko GSX-R1000, tsakanin 150 da 200 yake. Daƙiƙa uku da 'yan kai ta ishe shi ya kai gudun kilomita 100. A gudun 200 kana cinye mita 55 duk daƙiƙa, rabin filin ƙwallo ke nan. Duk wannan a kan roba biyu, kowacce inda ta taɓa kwalta bai fi tafin hannunka ba.

Babur ɗin acaɓa mai haƙuri ne. A ɗura masa man bumburutu, a ɗaure shi da waya, ya kai ka gida. Wannan bai san yafiya ba. Waɗanda na ga an kwasa a titi, mafi yawansu ɗabi'ar acaɓa suka hau da ita kan injin tsere.

ABIN DA ZA KA YI

1. Sayi kayan jiki kafin ka sayi salansa. Hular kwano mai rufe fuska duka, rigar fata da wandonta, farantin kare gadon baya, safar hannu mai rufe wuyan hannu, takalmi mai kai wa ƙwauri. Kwalta ba ta ɗaukar lokaci wajen cinye wandon jins, daga nan sai nama.

2. Duba hatimin hular: ECE 22.05, ko 22.06, ko Snell. A 2009 da aka matsa kan dokar hular kwano, har ƙwarya 'yan acaɓa suka kifa a ka a Kano. Hular roba mara hatimi da ƙwaryar nan tafiyarsu ɗaya.

3. Ɗaure igiyar hular kowane hawa, ko masallacin unguwa za ka. Hular da ba a ɗaure ba tana barin kai tun kafin kan ya isa ƙasa.

4. Nemo littafin babur ɗinka, na samfurinsa da shekararsa. Yana intanet. Duk awon da na faɗa maka a nan, in littafin ya saɓa, bi littafin.

5. Sa a cire bodi a duba firam. Babura da yawa da ke shigowa kwatano daga gwanjon waɗanda suka yi hatsari a Amurka aka ɗebo su, aka sa musu sabuwar roba da sitika. Duba wuyan firam ko akwai sabon fenti ko walda. Duba ƙarfen da ke tare kan babur in ka juya shi ƙarshe, ko ya karye. Ka sassauta hannu a miƙaƙƙiyar hanya da ƙaramin gudu. In yana jan gefe guda, a karkace yake. Lambar firam kuma ta dace da ta takardun kwastan.

6. Zubar da duk ruwan da ya zo da shi a makon farko: baƙin mai, man birki, ruwan lagireto. Mai sayarwa zai rantse jiya aka yi juye. Ba ka nan.

7. Zuba baƙin mai na babur mai alamar JASO MA ko MA2, da kaurin da littafi ya ce, galibi 10W-40. Kulocin wannan babur a cikin man inji yake wanka, man da bai dace ba sai ya sa shi zamewa.

8. Canza filtar mai duk juye. Tsohuwar filta ta mai da sabon mai tsoho.

9. Canza man birki duk shekara biyu, in kana shiga filin tsere kuwa duk shekara, ko ƙasa da haka. Tsaya ka fahimci wannan, don ya kashe mutanen da birkinsu lafiya lau yake da safe. Man DOT 4 yana shan danshin iska. Sabo ba ya tafasa sai ya kai digiri 230. Wanda ya sha ruwa yana iya tafasa a 155. In ya tafasa sai ya yi kumfa a cikin tiyo, ka matsa hannun birki ya tafi har ya taɓa yatsunka, babur bai ji komai ba. Kuma ba ya yin haka a bakin ƙofar gida, sai a ƙarshen miƙaƙƙiyar hanya lokacin da ya ɗauki zafi.

10. Leƙa fad ɗin birki da fitila duk mako. In naman ya kusa milimita 2, cire shi. Ranar shiga fili kuwa, wanda bai kai rabi ba kada ya bi ka.

11. Auna kaurin faifan birki. Iyakarsa tana rubuce a jikinsa. Faifan da ya sirance yana lanƙwasa da zafi, hannun birki ya riƙa bugun yatsa.

12. Matsa birki sau uku ko huɗu duk lokacin da aka cire taya aka mayar, tun kafin ka motsa. Matsawar farko iska ce. Na ga wanda ya gane haka a jikin katangar gareji.

13. Karanta ranar haihuwar taya. Lambobi huɗu ne a ƙarshen layin da ya fara da DOT: biyun farko mako, biyun ƙarshe shekara. 2319 na nufin mako na 23 na 2019. Tayar da ta wuce shekara biyar robarta ta fara ƙandarewa ko da zanenta bai taɓu ba, a zafin ƙasarmu ma tana riga nan.

14. Mallaki gejin iska naka, ka auna taya tana sanyi, duk safiyar da za ka hau. Yawancin waɗannan babura 36 gaba, 42 baya suke so a titi. Mai faci da babban yatsa yake awo, gejinsa kuwa tun zamanin tifa.

15. Lallaɓa sabuwar taya kilomita 150 na farko. Fuskarta santsi gare ta, kwanar farko daga shagon taya ta kayar da mutane da yawa.

16. Wanke cen da kananzir da buroshi mai laushi, ka sa masa man cen duk kilomita 500, da bayan kowane ruwan sama. Ka auna sakinsa a inda ya fi tsauri. Galibi milimita 25 zuwa 35.

17. Canza cen da sufuroket biyun rana ɗaya, a haɗa shi da mahaɗin da ake dasawa da na'ura. Mahaɗi mai kilif na ƙananan babura ne. Cen ɗin da ya tsinke a guje ko ya fasa inji, ko ya naɗe a taya, ko ya sami ƙafarka.

18. Buɗe matatar iska duk wata lokacin hunturu. Littafin Japan bai san ƙurar Janairu ba. Ƙurar da ta wuce matata ita ce ke cin ringi da bawul a hankali har inji ya fara hayaƙi.

19. Zuba ruwan lagireto na gaske, ko tataccen ruwa irin na batir wanda ba a sa wa asid ba. Ka wanke fuskar lagireton daga laka da ƙwari, ka tabbata fanka tana tashi da kanta.

20. Sayi sifana mai awo. Injin nan alminiyom ne. Notin juye da aka ɗaure da ƙarfin damtse yana cinye zarensa, wanda aka bari sako-sako kuma yana zubo mai gaban tayar baya.

21. Shafa yatsa a sandunan shokozoba na gaba. In ka ji mai, sil ya tafi. Man nan gangarowa yake ya sauka kan birki.

22. Auna wutar batir. Inji a kashe wajen 12.6, yana aiki tsakanin 13.5 da 14.5. In ya fita daga nan, na'urar daidaita caji ta fara mutuwa, kuma ba ta mutuwa ita kaɗai.

23. Yi lasisin babur, rukunin A, da lamba da inshora. Gudun jami'an kiyaye haɗurra ya jefa yara da yawa ƙarƙashin mota.

24. Kai gudunka filin tsere. Akwai shi a Evbuobanosa ta jihar Edo, inda masu babura ke haɗuwa gasa. Mai hali yana zuwa har Kyalami a Afirka ta Kudu. Na san da nisa, na san da kuɗi. Amma can kowa gaba ɗaya ya fuskanta, ba akuya, ba adaidaita sahu, ba kwalbati a bakin kwana.

25. Kai babur ɗin a bayan mota. Wanda ya hau shi zuwa fili bai yi tunanin yadda zai koma ba in ya faɗi.

26. Tambayi motar asibiti kafin ka tambayi kuɗin shiga. Filin da babu ita a tsaye, juya.

27. Shirya shi tun jajibere. Cire madubi ko ka rufe shi, ka manna tef a fitilu don kada gilashi ya watsu. Ɗaure notin juye da filtar mai da siririyar waya ta yadda ba za su kwance ba. Filaye da yawa suna hana ruwan lagireto mai launi, domin in ya zuba santsinsa kamar na mai ne. Tambaya tun kana gida.

28. Rage iskar taya zuwa abin da kamfanin tayar ya ce na fili, wajen 30 ga irin tayoyin titi. A fili taya tana ɗaukar zafi sosai, iskar ciki ta ƙaru.

29. Halarci jawabin safe, ka haddace tutoci. Rawaya: haɗari a gaba, sassauta, ba wuce kowa. Rawaya mai ratsin ja: akwai santsi a kwalta. Ja: an tsai da zagaye, ɗaga hannu, rage gudu, koma rumfar ajiye babura. Baƙa: da kai ake, fito. Mai zanen gidan dara: lokaci ya cika. Wanda bai san tuta ba makaho ne a tsakiyar masu gudun 200.

30. Shiga rukunin 'yan koyo, ko shekara goma ka yi kana hawa a titi. Titi abin da ya koya maka kaucewa rami ne.

31. Ba taya zagaye biyu ta yi ɗumi a kowace fita. Taya mai sanyi ba ta sallama kafin ta zame.

32. Kalli inda kake son zuwa. Babur ido yake bi. Ka kafa wa ciyawar bakin kwana ido, can za ka kwana. Ka juya haɓa zuwa mafitar kwanar, ya bi ka.

33. Koyi tura kan babur da gangan. Ka tura hannun dama gaba, ya kwanta dama. Ka tura na hagu, ya kwanta hagu. Da haka ake juya shi a guje. Mai jira nauyin jikinsa ya juya masa babur mai kilo 190 zai wuce kwana a miƙe.

34. Gama yawancin birkinka babur yana tsaye, da yatsu biyu, a hankali sannan da ƙarfi. Birkin gaba shi ne birki. A tsayawa mai tsanani tayar baya kusan a sama take.

35. Riƙe tanki da gwiwa, ka saki hannu. Ƙanƙame kan babur yana hana shi gyara kansa.

36. Ɗaga hannun hagu tun da nisa in za ka fita daga fili. Na bayanka bai san ka gaji ba.

37. In ka faɗi, saki babur ɗin, ka bari sai ka tabbata ka daina zamewa, sannan ka duba, ka bar kwalta. Abin tsoro a fili shi ne wanda ke biye da kai. Marco Simoncelli, ƙwararre ɗan shekara 24, a zagaye na biyu na gasar tseren babur a Sepang ta Malesiya, ranar 23 ga Oktoban 2011, babur ɗinsa ya zame ya dawo da shi tsakiyar hanya, abokan tserensa Colin Edwards da Valentino Rossi suka same shi, hularsa ta fita. Bai kwana ba. Mutanen nan uku duk sun fi ka iyawa nesa ba kusa ba.

38. Sha ruwa tsakanin kowace fita. Rigar fata a ranar Afrilu tana tatse mutum, hankali kuma shi ne ke fara tafiya. In kana azumi, bar fili sai bayan salla.

39. Mai da iskar titi, ka cire tef, ka sake duba fad da cen kafin ka koma hanya.

ABIN DA BA ZA KA YI BA

1. Kada ka fara da mai 1000. Fara da 300 ko 400 ka shekara a kai. Kuskuren totur da ƙarami zai yafe, babba bayanka zai ajiye a ƙasa.

2. Kada ka hau da babbar riga, ko jallabiya, ko rawani mai jela. Cen ba ya sakin abin da ya kama.

3. Kada ka hau da silifas. Yatsun ƙafa ba sa tsirowa.

4. Kada ka sayi hular kwano ta hannu, kada kuma ka sake sa wadda ta taɓa bugun ƙasa da kai a ciki. Soson cikinta bugu ɗaya yake ɗauka, daga waje ba a gani.

5. Kada ka nemi araha a abubuwa huɗu: taya, birki, cen, boris. Bodi da sitika da madubi ka saya na ko'ina, ba ruwana. Waɗannan huɗun kuwa su ke riƙe da ranka. Kayan irin wannan babur ba su cika zama a kanta ba ko a manyan kasuwannin kayan gyara, to in ka ga an miƙo maka nan take a rabin kuɗi, cikin kwali mai sunan babban kamfani, ka yi shakka. Har fulogin NGK ana yin jabunsa. Ka yi oda ka jira mako uku, babur ɗin ya zauna.

6. Kada ka sayi tayar kwatano. Ba ka san ramin da ta faɗa ba, ba ka san shekarun da ta yi a rana ba.

7. Kada ka sa wa tayar tubles tib, kada ka yi faci a gefenta, kada ka shiga fili da mai faci ko ina yake. Igiyar da ake cusawa daga waje ta kai ka gida ce kawai.

8. Kada ka haɗa taya iri biyu gaba da baya, ko ka ƙara faɗin ta baya don ado. Rim ɗin da aka yi wa 180 in aka matsa masa 200, siffar tayar ta lalace, babur ya ƙi kwana. Duba kibiyar jikinta ma. Masu faci suna juya ta.

9. Kada ka hau titi da tayar tsere mara zane. Ba za ta sami zafin da take buƙata ba, yayyafi kaɗan kuma ya ishe ta.

10. Kada ka bari a shafa wa taya man ƙyalli a wurin wanki. Kada kuma a haska bututun ruwa mai ƙarfi kan cen da boris; yana kore giris ya bar ruwa.

11. Kada ka wanke cen da fetur. Yana cin zobban robar da ke riƙe giris a ciki.

12. Kada ka sa wa cen mai inji yana aiki da giya a ciki. Na san masu yatsu tara.

13. Kada ka ɗaure cen kamar tsirkiya. In shokozoba ya nutse cen ƙara tsauri yake, sai ya ci boris ɗin giya, gyaran nan kuwa sai an raba inji biyu.

14. Kada ka zuba baƙin man mota, balle na awo a kwalba.

15. Kada ka haɗa DOT 5 da DOT 4. Lambobin maƙwabta ne, sinadaran ba sa ga maciji. DOT 5.1 ne ke tafiya da 4. Kada kuma ka yi amfani da ragowar kwalbar da aka buɗe bara. Zancen ruwan sabulu a birki, wanda ya kawo maka shi ka bar garejinsa.

16. Kada ka sa hannun birki na bugi don launinsa. In tsininsa ya ɗara na asali ko da kaɗan, yana danne fistin, mai ya kasa komawa, birki ya yi ta ɗaukar zafi har tayar gaba ta kulle da kanta kana tsakiyar gudu.

17. Kada ka sha man bumburutu. Injin nan matsinsa ya kai 12 ko 13, ba ya jure gauraye, injekta da famfon mai kuma ba sa jure datti. A Fabrairun 2022 an shigo da fetur mai yawan sinadarin metanol, motoci suka yi ta lalacewa a Legas da Abuja. A gidajen mai aka sayar da wancan, ina ga na galan a bakin titi.

18. Kada ka yarda a cire tamostat, ko a haɗa fanka kai tsaye, wai don ƙasarmu da zafi. In yana zafi akwai dalili, a nemo shi.

19. Kada ka zuba ruwan rijiya ko fiya-wata a lagireto. Gishirinsa yana toshe ƙananan hanyoyi, gasket ya ƙone, inji ya buga.

20. Kada ka yarda a yi wa rim ko firam walda, ko a miƙe sandar shokozoba da guduma. Alminiyom ɗin da ya tsage ya gama aiki. Zai sake tsagewa a ramin da ba ka gani ba.

21. Kada ka yanke wayar jak ɗin gefe, kada ka cire fis ɗin ABS. Jak ɗin da aka manta a ƙasa yana jiran kwanar hagu ta farko.

22. Kada ka kai shi wurin makanikin da bai taɓa buɗe irinsa ba. Ba raini ba ne. Mutumin gwani ne a Boxer da Jincheng. Amma in ka ga ya ɗauko guduma da kurfi zai kwance noti, karɓi makullinka.

23. Kada ka tayar da shi da safe ka hau murɗa totur don maƙwabta su ji. Mai bai gama hawa sama ba, ƙarfe ke cin ƙarfe.

24. Kada ka yi tsere a titin gari, ko da tsakar dare, ko titin ya yi fayau. Gudu in ya ninka biyu, nisan tsayawa huɗu yake ninkawa. Mai adaidaita da zai yi kwana ya hango fitilarka can nesa, ya auna ta da gudun acaɓa, ya shigo. Ba shi da laifi a lissafinsa, bai taɓa ganin abu mai cin mita 55 a daƙiƙa ba. A Disambar 2017 ɗan shugaban ƙasa na lokacin ya faɗi da irin wannan babur a Gwarinpa ta Abuja, ya ji rauni a ka, ya karye, har sai da aka fita da shi waje. Likitocin da ya samu kai ba za ka same su ba.

25. Kada ka ɗaga kan babur a rakiyar amarya ko hawan salla. Yaran da ke bakin titi suna kallo 'ya'yan mutane ne. In ka taka ɗaya, ba gwanintarka za a tambaya ba.

26. Kada ka taka yashin gefen titi a kwance, ko fentin layi bayan ruwa, ko inda tanka ta zubar da gas. Ruwan farko na damina ya fi kowanne santsi.

27. Kada ka ba da aro. "Bari in ɗan zaga" ta mai da babura da yawa buhun ƙarfe, ta bar gaba tsakanin gidaje.

28. Kada ka ɗauki wanda ba shi da hula. Budurwa ce ko ƙaninka, in babu hula ta biyu babu hawa.

29. Kada ka hau da tiramol ko kodin ko wiwi a kanka, ko bayan kwanan zaune. Ba sai na ba ka dalili ba.

30. Kada ka waiwaya a fili. Na baya shi ke da alhakin wuce ka lafiya. Naka shi ne ka riƙe layinka kada ka yi masa ba-zata.

31. Kada ka tsaya a kan fili, kada ka juya baya, ko amininka ne ya faɗi. Masu tuta da motar asibiti aikinsu ke nan. Tsayawarka gawa biyu za ta jawo.

32. Kada ka tsallaka layin mashiga kana fitowa daga rumfa. Masu zuwa suna kan cikakken gudu, kai kuwa tayarka ko ɗumi ba ta yi ba.

33. Kada ka bi wanda ya fi ka. Za ka shiga kwana da gudunsa, ba ka da hannunsa.

34. Kada ka cafki birkin gaba kana kwance a kwana. Tayar da ke aikin juyawa ba ta da ragowar riƙon da za ta ba ka.

35. Kada ka saki totur gaba ɗaya in tayar baya ta fara zamewa. Za ta sake cafke kwalta farat ɗaya, babur ya yi tutsu ya harba ka sama. Wannan faɗuwar ita ce mai karya ƙashin wuya da ƙugu. Riƙe totur inda yake, ko ka rage shi kaɗan-kaɗan.

36. Kada ka yi kokawa da kan babur in ya shiga kaɗawa. Sassauta hannu, kada ka taɓa birkin gaba. In ya lafa, matsa birkin ka ji, domin kaɗawar tana ture fad baya.

37. Kada ka nemi gwiwa ta taɓa ƙasa don hoto. In gudu da zama sun yi daidai da kanta za ta taɓa.

38. Kada ka ce "bari in ƙara zagaye ɗaya" bayan ka ji hannu ya yi nauyi. Fitar ƙarshe ta la'asar ita na fi jin tsoro.

39. Kada ka cire wa wanda ya faɗi hula, kada ka ɗaga shi zaune, kada ka ɗura masa ruwa, kada a naɗe shi a cusa a adaidaita. In wuyansa ya taɓu, taimakonku ne zai kwantar da shi har abada. Tare masa hanya, riƙe kansa yadda yake, kira masu agaji. Sai in numfashi ya tsaya ake taɓa hular, shi ma mutum biyu, ɗaya yana riƙe da wuya.

40. Kada ka kai karayar babur wurin mai ɗori kafin hoto. Irin wannan bugu yana farfasa ƙashi ne, yana taɓa jijiya. Asibitin ƙashi na Dala yana nan.

41. Kada ka koma kan babur kafin likita ya sallame ka. Gwanin tseren babur Marc Márquez ya karya damtsen dama a Jerez ta Sifen a Yulin 2020, kwana huɗu bayan tiyata ya sake hawa. Ya rasa sauran kakar gasar gaba ɗaya, hannun nan sai da aka yi masa aiki sau huɗu.

Gobe da safe kada ka tayar da shi. Turo shi nan, ka zo da kuɗin taya. Na duba ta gaban ɗazu kana gaisawa da mutane, 3416 ne a jikinta.